Abdulkarim Bature, Daga Dutsen Aljannu Zuwa Gwandu

Ran Talata, 17 ga watan Mayu, 1853, damina tana sabon faɗuwa, wani ɗan ƙaramin ayari ya gangaro daga kan tudu ya shiga birnin Gwandu ta hanyar Sakkwato. Shugaban ayarin nan farin mutum ne, yana jin Larabci, yana jin Hausa, kullum kuwa ba ya rabuwa da ɗan littafi da alƙalami. Mutane suna kiransa Abdulkarim, amma sunan da iyayensa suka sa masa Heinrich Barth, mutumin ƙasar Jamus. Kwana 18 ya yi a garin, cikin 'yan kwanakin nan kuwa ya sami wani littafi wanda ya sanar da Turawa tarihin daular Sanwai.

Amma da kaɗan bai ga Gwandu ba. Shekara uku kafin zuwansa, tun bai ko taka ƙasar Hausa ba, ya bar zango da safe don ya hau wani dutse cikin hamada, da nufin ya komo kafin dare, sai ƙishirwa ta kusa kashe shi. Labarin yinin nan, da labarin zamansa a Gwandu, su za mu jera a nan, don mu ga abin da na farin ya koya masa har na biyun ya yiwu.

MAFARIN TAFIYA

An haifi Barth a birnin Hambug cikin 1821. Ya yi karatu mai zurfi a Jami'ar Balin, ya koyi Larabci, ya kuma yi yawo cikin ƙasashen bakin Bahar Rum tun yana saurayi. Da gwamnatin Ingila ta yi niyyar aiko da manzanni wurin sarakunan ƙasar Sudan don ƙulla alkawarin ciniki, sai ta shugabantar da James Richardson, wanda Larabawa su ke kira Yakubu, aka haɗa shi da Jamusawa biyu, watau Barth da Adolf Overweg, masanin duwatsu, wanda aka laƙaba wa Tabib.

Suka tashi daga Tarabulus cikin watan Maris, 1850, suka isa Murzuk cikin Mayu, daga can suka nufi Gat, wani tsohon zangon fatake wanda yau ya ke cikin ƙasar Libiya, kusa da iyakar Aljeriya. Hanyar nan ita ce fataken Gadamas su ke bi zuwa Azbin da Kano. Masu yi musu rakiya Buzayen wannan yanki ne, babbansu kuwa wani dattijo, sunansa Hatita.

Suna cikin tafiya suka sauka wani kwari, Barth ya tarad da zane-zane a jikin duwatsu, mutanen da suka sassaƙa su tun zamanin da ba wanda ya ke tunawa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne siffofin shanu, ga shi kuwa wurin ko akuya da ƙyar za ta rayu. Ya yi tunani ya ce lalle akwai lokacin da ƙasar nan ta ke da ruwa da ciyawa. Binciken masana na baya ya gaskata shi, gama an tabbatar cewa tsakanin shekara 11,000 da shekara 5,000 da suka wuce hamadar Sahara tana da tafkuna da makiyaya. Ganin zanen nan ya sa masa kwaɗayin leƙa kowane dutse, kwaɗayin nan kuwa shi ya ja shi zuwa Idinen.

DUTSEN IDINEN

Kimanin mil 15 arewa da Gat akwai wani dutse tsaye shi kaɗai cikin sarari, ƙololuwarsa a tsattsage, in mutum ya hango shi daga nesa sai ya ce ganuwar birni ce da soraye. Buzaye suna kiransa Idinen, Larabawa kuwa suna ce da shi fādar aljannu. Mutanen ƙasar ba su hawansa, ba su ko son kusantarsa. Barth ya zaci tsohon wurin bauta ne, in ya hau zai sami rubutu ko zane. Hatita da mutanensa suka gargaɗe shi, ya ƙi ji. Ya nemi wanda zai yi masa jagora, ba wanda ya yarda.

Ran Litinin, 15 ga watan Yuli, 1850, watau tsakiyar zafin hamada, ya fita da safe shi kaɗai a ƙasa. Guzurinsa 'yar ƙaramar salka, da busasshen biskit, da dabino. Ayari kuwa ya kama hanya zuwa rijiya ta gaba, da nufin can zai tarad da su. Overweg ma ya nufi dutsen daga baya, amma da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya juya, ya komo wurin jama'a.

A hamada iska garau ta ke, ba hazo, ba itatuwa ko gidaje da ido zai gwada nisa da su, saboda haka abin da ke nesa sai ya zama kamar ga shi nan. Barth ya yi ta tafiya bisa baƙar tsakuwa mai zafi, dutse bai matso ba. Da ya kusa, sai ya tarad da wani kwazazzabo mai zurfi tsakaninsa da ƙololuwar, dole ya gangara ya sake hawa. Ya kai bisa a gajiye likis, bai sami rubutu ba, bai sami zane ba, ko inuwar da zai fake babu. Ya so ya ci guzurinsa, maƙogwaro ya bushe, abinci ya ƙi wucewa. Ya gangaro, kafin rana ta karkata ruwansa ya ƙare.

Daga nan hanya ta rikice masa. Ya harba ƙaramar bindigarsa, iska ta kwashe ƙarar, ba wanda ya amsa. Ya hango waɗansu bukkoki, ya ja jiki ya isa, ya tarar kufai ne. Ya kwanta gindin wani tsohon itace marar ganye. Da dare ya yi ya hango wuta can nesa, inda 'yan'uwansa suka hura don ya gani, amma ba shi da ƙarfin tashi, ko na tara kirare ya hura tasa. Gari ya waye, rana ta fito, ƙishirwa ta tsananta har ya tsotsi jinin jikinsa, daga nan hankalinsa ya gushe.

A zango kuwa an sa lada ga wanda duk ya samo shi, Buzaye suka bazu nema. Da rana ta yi sanyi, sai Barth ya ji kukan raƙumi. Wani Buzu ne mai suna Musa, ya ga sawunsa a rairayi ya yi ta bi. Muryar Barth ta dushe, abin da ya iya furtawa kawai shi ne sunan ruwa da harshensu, watau aman. Musa ya fara yayyafa masa ruwa a ka tukuna, sa'an nan ya ba shi ya kurɓa, ya ɗora shi bisa raƙumi ya kai shi zango. Buzaye suka yi mamakin ganinsa da rai, gama a saninsu mutum ba ya daɗewa haka ba ruwa cikin wannan zafi. Ran 18 ga wata ayari ya shiga Gat.

INDA KUSKUREN YA KE

Mai karatu zai iya cewa Buzaye camfi suka bi, Barth kuwa ilmi ya bi. Amma a duba da kyau. Ko mene ne dalilin da suka bayar, gargaɗinsu daidai ya ke: dutsen nan ba ruwa, ba inuwa, ba hanyar ayari kusa, wanda duk ya je shi kaɗai da bazara ya sayar da ransa. Sau da yawa abin da kakanni suka gano da wahala su kan naɗe shi cikin tatsuniya ko hani, don yaro ya kiyaye tun bai san dalili ba. Barth ya ji maganar aljannu ya raina, sai ya zubar da gargaɗin gaba ɗaya.

Sauran kurakuran duk daga wannan suka tsiro. Ya tafi shi kaɗai, alhali ko gurɗewar ƙafa ta isa ta kashe mutum inda ba mai taimako. Ya auna nisa da ido. Ya ɗauki ruwa kaɗan, ga shi likitoci sun nuna mai tafiya a ƙasa cikin irin wannan rana ya kan zubar da gumi wajen lita guda cikin sa'a ɗaya. Ya yi guzurin dabino da busasshen abinci, masu ƙara ƙishirwa. Mafi muni duka, ya bar zangon da zai tashi, ya yi alkawarin saduwa da ayari a rijiyar da bai taɓa gani ba. Abu guda ya taimake shi, shi ne da ƙarfinsa ya ƙare ya kwanta wuri ɗaya, sawunsa bai watse ba, har mai nema ya cim masa. Masu iya magana sun ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Abin yabo ga mutumin nan shi ne ya ɗauki darasi. Cikin shekaru biyar da suka biyo baya ya zama mai yawan tambaya. Ya koyi Hausa a hanyar Azbin, ya koyi Barbarci da Fillanci da harshen Sanwai. In ya sauka zango ya kan zauna da madugai da alhazai da malamai, ya tambayi sunan kowane gari da rijiya da gulbi, da kwana nawa ke tsakaninsu, ya rubuta. Ya shiga Agadas cikin Oktoba, 1850, ya isa Kano cikin Fabrairu, 1851, ya wuce Kukawa, ya ga Binuwai da Yola cikin Yuni na shekarar. Richardson ya mutu a ƙasar Barno cikin Maris, 1851, Overweg kuma ya mutu bakin tafkin Cadi cikin Satumba, 1852. Barth ya saura shi kaɗai, ya juyo yamma da nufin Tambutu. Cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, da wani Bamargi, Abbega, bayi ne da Overweg ya 'yanta.

A BIRNIN GWANDU

Gwandu a lokacin nan ba ƙaramin gari ba ne wajen daraja. A nan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka kafa sansani cikin 1805, bayan cin Birnin Kebbi, Muhammadu Bello ya gina masa ganuwa cikin 1806. Da Shehu ya raba aikin mulki cikin 1812, ƙasashen yamma suka faɗa hannun ƙanensa, Malam Abdullahi, wanda hubbarensa ya ke Gwandu har yau. Saboda haka duk mai son ya bi ta yamma zuwa Kwara, sai da takardar Sarkin Gwandu. Barth ya riga ya sami ta Sarkin Musulmi Aliyu Babba, amma ita kaɗai ba ta isa ba.

Sarkin zamanin shi ne Halilu ɗan Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858. Mutum ne mai gudun duniya, ya fi son zaman karatu da ibada bisa ga zaman fada, bai kuwa yarda ya ga baƙon nan ido da ido ba. Sai ta hannun 'yan tsakani aka yi magana. Aka raina gaisuwar da ya kawo da fari, don ba ta kai wadda ya ba Sarkin Musulmi ba, har sai da ya ƙara da ƙananan bindigogi biyu masu adon azurfa, sa'an nan aka rubuta masa takarda. Ƙasar kuma ba lafiya, gama tun 1849 Kabawa suka yi tawaye ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka kafu a Argungu, Zabarmawa da Dandawa suka bi su, har hari ya kan kai kusa da ganuwar Gwandu.

Mutumin da ya ƙi jin maganar Hatita, a nan sai ga shi ya haƙura ya zauna. Bai fita yawon duwatsun da ke kewaye da garin shi kaɗai ba. Abin da idonsa ya iya kaiwa ya duba ya rubuta: garin yana cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, ƙorama ta ratsa tsakiyarsa, gefenta duk ciyawa da itatuwa. Ya ga lambunan Gwandu sun fi na Sakkwato da Wurno ni'ima, ya yaba ayabarta da albasarta. Kasuwa kuwa ya same ta ba ta da ƙarfi, saboda yaƙi ya tsare hanyoyi.

Haƙurin nan da zama da malamai su suka jawo masa babban rabo. Tun a ƙasar Sakkwato ya sadu da Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, wanda ya shahara da sanin tarihi. A Gwandu kuma wani malami mai suna Buhari ya ara masa littafin Tarihus Sudan, wanda ke ba da labarin Tambutu da Jenne da sarakunan Sanwai. Ya yi kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya iya, ya aika Turai, aka buga cikin 1855. Shi ya zaci Ahmadu Baba ne ya wallafa shi, amma daga baya aka tabbatar aikin Abdurrahman Assa'adi ne, mutumin Tambutu, wanda ya rubuta shi wajen 1655. An buga littafin duka da Larabci a Faris cikin 1898. Abin lura a nan shi ne, abin da Turawa suka ɗauka sabon gani, malaman Gwandu suna da shi cikin gafakarsu suna karantawa tun tuni.

DAGA GWANDU ZUWA KWARA

Ran Asabar, 4 ga watan Yuni, ya tashi. Ya bi ta Kambaza da Gulumbe zuwa Birnin Kebbi, ya wuce ta Zuguru da Diggi, waɗanda yau su ke cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo, ya ƙetare fadamar gulbin Kebbi zuwa Zogirma da Tilli. Gaba da nan daji ne mai hatsari saboda yaƙi, sai ya nemi 'yan rakiya waɗanda suka san ƙasar, ya biya su ladansu. A kwarin Foga ya tsaya ya duba yadda a ke dafa gishiri: a kwashe ƙasa mai gishiri a zuba cikin mataci na ciyawa, a kwarara ruwa, a tari abin da ya tsiyayo a dafa shi har ya daskare. Ran 20 ga Yuni ya ga Kwara a Sayi, ran 7 ga Satumba ya shiga Tambutu, inda Shehu Ahmadul Bakkayi ya kāre shi daga masu neman ransa.

Ya sake biyowa ta Gwandu cikin Agusta, 1854, ya isa Landan cikin Satumba, 1855, tare da Dorugu da Abbega. Littafin tafiyarsa ya fito cikin juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858. Dorugu kuwa ya ba wani Bature mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Barth ya mutu a Balin cikin 1865, yana da shekara 44.

ABIN DA YA RAGE MANA

Gwandu da Kalgo ba hamada ba ne, amma wanda ya taɓa ratsa tudun da ke tsakanin fadama da fadama cikin watan Afrilu ya san rana ba ta da wasa. 'Yan makaranta da 'yan sikawut su kan fita daji su kafa tanti, su yi yini suna hawan duwatsu suna duba itatuwa da tsuntsaye. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, gama tafiya mabuɗin ilmi ce. Sai dai a yi ta bisa ka'idar da madugai suka bari. Kada mutum ya bar zango sai ya faɗi inda za shi da sa'ad da zai komo, zangon kuma kada ya tashi sai kowa ya hallara. A tafi da ɗan ƙasa. A fita da asuba, a fake da tsakar rana. In rabin ruwa ya ƙare, a juyo, ko da ƙololuwar dutse tana gaban goshi. In hanya ta ɓace, a nemi inuwa a zauna, a yi hayaƙi, a bar masu nema su bi sawu.

Kada kuwa a ce mota da wayar hannu sun kau da wannan hatsari. Cikin Oktoba, 2013, aka tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga kudancin Nijar. Motocinsu suka lalace, ruwa ya ƙare, suka watsu neman rijiya. Tazarar da ke tsakanin rijiya da rijiya tana nan yadda Hatita ya san ta.

Akwai kuma wani ilmi da ya kamata matasa su nema tun masu shi suna da rai. Makiyayi da maharbi da mai haƙar rijiya sun san inda giginya da goriba suka yi yawa ruwa ba shi da nisa a ƙasa, sun san gawo ya kan zubar da ganye da damina ya tofo da rani, sun san amfanin ɓawon kalgo wajen igiya, da na sabara wajen magani. Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da aka lasafta suna fuskantar gurgusowar hamada, saboda haka sanin irin itacen da ke wuri kaza a da, da wanda ya rage yanzu, ya zama abin bukata. Abin da Barth ya rubuta game da ƙoramar Gwandu da lambunanta cikin 1853 ya zama ma'auni gare mu yau, don ya rubuta ne da suna da kwanan wata. Ɗan makarantar Gwandu ko na Kalgo wanda zai ɗauki littafi da alƙalami, ya bi dattijon garinsu daji, ya rubuta sunan kowane itace da tafki da tsohuwar rijiya, zai bar wa jikokinsa irin wannan ma'auni, ga shi kuwa ya fi baƙo sanin harshen da za a gaya masa. Haka kuma littattafan da ke cikin gidajen malamai, irin wanda Malam Buhari ya ara wa baƙonsa, suna bukatar a lasafta su, a tsare su daga gara da gobara, a kwafe su tun ba su lalace ba.